Ƙoƙon Farko na Labo

Duk wanda ya ce mini Labo mashayi ne sai mun yi faɗa da shi, ko a gaban surukina ne kuwa. Na san ya sha giya, ya sha wadda ta fi ƙarfin ƙarti uku, ita ce kuma ta kayar da shi. Amma mashayi ai wanda ransa ke so ne, Labo kuwa wallahi bai taɓa son ta ba. Ni Mudi na san haka, don na daɗe ina cin tuwo a ƙofar gidansa.

Ni mutumin Malumfashi ne, ina tallar gishiri da kanwa da goro a kan keke, ina bin ƙauyukan da ke tsakaninmu da Danja. Labo kuwa Bamaguje ne, manomi a Unguwar Ƙanya, wani ɗan ƙauye mai gidaje kaɗan a ƙetaren rafi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga wushirya, magana kuma sai ka gaji da jira kafin ta fito. Tun muna samari muka saba. In ya hango ni sai ya ce, “Ga Malam Mudi nan, mai sallar da ba ta hana shi tauye mudu.” Ni kuma in ce, “Sannu Bamagujen da ke gudun giya, abin kunyar danginsa.” Ba ƙarya nake yi masa ba. A wancan lokacin in ana biki, tsaransa na zagaye da tulu, shi yana can gefe da ƙwaryar kunun tsamiya. Ya ce warin giya kaɗai tayar masa da zuciya yake yi.

Aure ne ya sauya komai. Ya je wani biki wajen Maska ya ga Marka, doguwa, baƙa, mai kama kai, ya dawo ya ce in ba ita ba sai dai ya mutu gwauro. Yayansa Mamuda, wanda shi ne babba a gidansu, ya yi tsalle ya dire ya ce ba a gidan ubansu ba. Dalili kuwa uwar Marka, wadda ake ce wa Tsohuwa, madafiyar giya ce, kuma an taɓa yin wani mutum da ya sha giyarta a wurin makoki, ya koma gida ya kwanta bai tashi ba. Babu wanda ya ga ta zuba komai. Amma magana ta riga ta fita cewa gidansu akwai guba a hannu, kuma uwa tana koya wa ’ya. Labo ya toshe kunne ya auro abarsa.

To, su Maguzawa noman gayya suke yi. Yau a taru a gonar wannan, gobe a ta wancan, da makaɗa, mai gona kuma ya fito da tulunan giya a sha a gindin itace. Suna da wata al’ada da suke ce wa buɗe tulu. Mai giya zai zuba kaɗan a ƙasa don kakanni, ya kurɓa a gaban jama’a, sannan kowa ya sa hannu. A kowane gida kurɓa ɗaya ake yi, wani ma leɓe kawai yake jiƙawa, ba mai dubawa. Amma ran gayyar farko bayan zuwan Marka, da aka sauke tulunan da ta dafa, Labo ya kurɓa ya miƙa ƙoƙo, sai kowa ya kau da kai. Wannan ya shiga gyaran ƙotar garma, wancan ya tuna yana da ƙaya a ƙafa. Marka tana tsaye da gammo a hannu, ta rasa inda za ta sa idonta.

Labo ya jawo tulun. Ya cika ƙoƙon nan fal, ya ɗaga haɓa sama yadda kowa zai ga maƙogwaronsa yana motsi, ya shanye tas, ya kifa ƙoƙon a kansa. Ya koma tulu na gaba ya yi haka nan. Wani mai neman fitina daga baya ya ce ai guba ƙasa take kwantawa. Labo ya ce to, gindin kowane tulu ma nasa ne, a ajiye masa. Ran nan a kafaɗa aka kai shi gida yana amai, amma an sha giyar Marka, an kuma nome gona.

Ka ji inda masifa ta shigo: giyar Marka ta fi ta kowa. Ni ban taɓa ɗanɗanawa ba, Allah ya kiyaye, amma na ga yadda dattawa ke lashe baki. Ta iya jiƙa dawa, ta san daidai lokacin da tsiro ya isa niƙa, ba ta ƙona tukunya. Kafin a jima babu biki ko makoki ko gayya a yankin da ba a aiko mata da dawa ta dafa ba. Sai dai kowa da sharaɗinsa, tulu ya zo tare da Labo. In ita ta sha a gabansu ba su yarda, sun ce mai guba tana da makarinta. Mijinta suke so, ƙoƙo cike a farko, gindin tulu a ƙarshe. Haba jama’a! Kuna son daɗin giyar mace, kuna kuma son mijinta ya zame muku zakaran gwajin dafi. Haka suka yi ta yi da shi sama da shekara ashirin, rani da damina, kuma shi bai taɓa cewa ya gaji ba. Sun haifi ’ya’ya, ɗaya ne ya rayu, wani yaro Sabo.

Bayan an sami mulkin kai da ’yan shekaru na fara lura da shi. Fuskarsa ta kumbura, idanunsa kullum jajur. Da safe sai in tarar da shi ya riƙe ƙeya da hannu biyu, ya ce kamar ana daka a ciki. Yana cikin huɗa sai jiri ya ɗebe shi ya dafa garma. Haɓo ya riƙa tsinke masa haka kawai. Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya har wurin ya zama duk tabo, ya ji sauƙi kwana biyu abin ya dawo. A kakar shekarar da soja suka karɓi mulki, bayan an kai auduga Funtua, na same shi zaune jini na ɗiga a rigarsa. Na ce yau ko da igiya sai na kai shi asibiti. Na ɗora shi a bayan keke muka nufi Malumfashi, ina tuƙi ina zaginsa.

Malamin asibitin wani dattijo ne mai tabarau. Ya naɗa masa wani ƙyalle a damtse, ya yi ta matsa wata ’yar roba, ya sa abin sauraro a kunne. Ya sake yi. Ya cire tabarau ya dubi Labo.

“Kana shan giya?”

“Ina buɗe tulu,” in ji Labo.

Na ce, “Malam, kullum ne, kuma ba kaɗan ba.”

Malamin ya ce, “Hawan jini gare ka, kuma ya yi nisa. Zuciya ita ke tura jini cikin jijiyoyi. Giyar da kake ɗirka kullum tana sa jijiyoyin su tsuke, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfin tsiya. Ka san salkar da aka cika maƙil aka zauna a kanta? Wata rana ɗinki zai ɓalle. In ya ɓalle a cikin kai, ko mutuwa ko shanyewar rabin jiki. Ƙaho ba ya maganin wannan. Zan ba ka ƙwaya, amma in ba ka bar giya ba wahalar banza muke yi. Ka kuma rage gishiri da kanwa.”

Labo ya juyo ya dube ni ya ce, “Ka ji, Malam Mudi, da kai a cikin masu kashe ni.” Muka yi dariya, muka kama hanyar komawa har muka zo rafi. Nan ya ce in tsaya. Ya sauka ya wanke fuska, ya ce, “In na daina sha, me za su ce da ita?” Na ce su ce abin da za su ce, ransa ya fi bakin mutane. Ya girgiza kai kawai.

Marka ce ta yanke maganar. Da na faɗa mata abin da malamin ya ce, ta kife tukwanenta a bayan rumbu, ta aika wa kowa cewa ciwon baya ya hana ta aikin wuta. Duk ranin nan ba ta dafa ba, Labo bai sha ba. Wallahi da ka gan shi sai ka ce an sake shi sabo. Kumburi ya saɓe, haɓo ya tsaya, ya koma kunun tsamiyarsa yana santi. Da muka koma asibiti malamin ya auna, ya yi murmushi ya ce jini ya sauka sosai, in ya ci gaba haka zai ga jikokinsa. Ban taɓa jin daɗin tuƙa keke irin na ranar ba.

Sai damina ta faɗi, yaƙi kuma ya ɓarke a kudu. Sabo ya bi tsaransa ya shiga soja, ko sallama ta kirki bai yi ba. Gona ta rage daga Labo sai Marka, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Dole a kira gayya, gayya kuma ba ta yiwuwa sai da giya. Na ce su ba wata mace ta dafa. Labo ya ce, “A ce matar gida tana nan da ranta, madafiya kamar Marka, in je in ɗauko tulun wata? Ai na faɗa wa duniya ke nan ni ma tsoron hannunta nake ji.” Marka ta dafa. Amma ta roƙe shi, ta ce, “Maigida, don girman kakanninka leɓe kawai za ka jiƙa, kamar yadda kowa ke yi a gidansa. Shekarun nan duk ba wanda ko cikinsa ya murɗa, sun isa su yarda.”

Ba su yarda ba. Ranar gayyar Labo ya zuba wa ƙasa nata, ya kai ƙoƙo baki ya sauke. Mamuda yana tsugune yana kallon wuyansa. Ya miƙe a hankali ya ce, “Labo bai haɗiya ba.” Shi ke nan. Makaɗi ya rataya gangarsa, mutane suka saɓa garemaninsu ɗaya bayan ɗaya, aka bar Labo da Marka su biyu da tuluna cike a gindin ɗorawa. Daga baya Labo ya bi su gida gida yana ba su labarin asibiti da ƙyallen da aka naɗa masa. Suka ce tun kakanni ake shan giya, abinci ce, ba su taɓa jin ta fasa wa wani kai ba. In ya daina sha, to akwai abin da ya gano a ɗakin matarsa.

A shekarar nan ciyawa ta cinye dawa, rumbu ko rabi bai yi ba. Yunwa da sauƙi a kan abin da aka yi wa Marka. Mata suka daina zuwa rafi tare da ita. In ta tsoma tulu sai su koma can sama su ɗiba. Aka hana yara shiga gidanta, ko wuta aka daina zuwa ɗiba. Wata rana muna zaune da Labo a ƙofar gida ta dawo daga rafi ita kaɗai, ta wuce mu ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba, sai na ga ashe kuka take yi ba ta so a gani. Labo ya bi ta da kallo har ta shige.

Da kaka ta yi aka tashi bikin wata ’yar dangin su Labo. Labo ya sa Marka ta dafa, ya ce shi zai ba da gudummawa. Ta ƙi, ya rantse da aradu in ba ta dafa ba zai je ya sha ta wasu har ya faɗi. Ya ɗauki tulunan da kansa ya kai tsakiyar taro, ya sha ƙoƙo biyu biyu a kowane, haɓa a sama. Jama’a suka yi sowa, aka ce Labo ya dawo hayyacinsa. Washegari mata suka biyo wa Marka zuwa rafi kamar ba a taɓa yin komai ba. Tir da wannan hali!

Da labari ya iso ni na bar kayana a kasuwa na taho a fusace. Babu irin zagin da ban yi masa ba. Na ce shi wawa ne, jaki, mai kashe kansa don faranta wa munafukai. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Malam Mudi, ciwon kaina ina iya kwana da shi. Kukan da ta yi ran nan ne ba na iyawa.” Na ce to su tashi su dawo Malumfashi, in nema masa dako. Ya ce kabarin ubansa da na ’ya’yansa suna bayan gidan nan, kuma in Sabo ya dawo daga yaƙi ina zai same su? Na hau kekena na tafi, ko ruwan gidan ban sha ba.

Komai ya dawo, kumburi da jiri da haɓo, ƙwayar asibiti ma ta ƙare bai koma ba, don ya ce kunyar malamin yake ji. Damina ta zagayo. Ran gayyar maimai a gonarsa ina wurin, na kai wa makaɗa goro. Tun safe yake noma a sahun gaba, rana ta take, gumi na zuba. Aka sauke tuluna a gindin ɗorawa, ya zo ya buɗe na farko, ya buɗe na biyu. Yana cikin shan na uku sai na ga ƙoƙon ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya dubi hannun kamar ba nasa ba. Bakinsa ya karkace, ya buɗe zai yi magana sai wani gurnani ya fito, ya zube a kan kunya. Kafin in isa gare shi na ji muryar Mamuda tana cewa, “Kada wanda ya taɓa tulun nan! Ta gama da shi!”

Bai mutu ba. Rabin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi, amma idanunsa suna gane kowa. Marka ke juya shi, ita ke ɗura masa kunu. Bayan ’yan kwanaki Mamuda ya tara dattawa a ƙofar gida da hantsi, aka fito da Labo a kan tabarma aka jingina shi da bango, aka ajiye ragowar tulun nan na uku a tsakiya. Na miƙe na faɗi duk abin da malamin asibiti ya ce, har da maganar salka, na ce su zo mu je su ji da kunnensu. Mamuda ya ce, “Malam, muna ganin girmanka. Amma kai da ba ka taɓa kai ta baki ba, me ka sani a giya? A gaban idonmu ya sha ya faɗi.” Zuciya ta ɗebe ni na ce su ne suka kashe shi, su da kwaɗayinsu da tsoronsu. Aka riƙe ni aka zaunar.

Sai Labo ya fara motsi. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna tulun, yana nuna bakinsa, yana gurnani, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Kowa ya gane. So yake a ba shi ya sha daga tulun da suka ce shi ne da guba, ya wanke ta kamar yadda ya saba. Wani dattijo ya ce, “To, madalla. Marka, ki ba shi da hannunki. In ya sha ya kwana lafiya, magana ta mutu.”

Marka ta ɗauki ƙoƙo ta cika. Ta zo ta durƙusa a gabansa. Ya miƙo wuya yana buɗe karkataccen bakin nan, idanunsa suna roƙonta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta waiwayo ta dube ni ta ce, “Malam Mudi, malamin nan ya ce in ya ƙara me zai faru?” Na ce, “Sauran ɗinkin ne zai ɓalle.” Ta juya ƙoƙon a ƙasa, giyar ta bi rairayi. Ta ce, “Ba zan ba shi ba. Ku ce abin da kuka ga dama.”

Mamuda ya ce, “Kun gani.”

Kafin la’asar an ɗaure mata kayanta. Ta bi hanyar Maska da ƙunshi a ka, ƙauyen da ake nuna gidan uwarta da baki. Labo yana jingine yana ihun da ba kalma a ciki, yana dukan ƙasa da hannun hagu, har muryarsa ta dushe. Na roƙi Mamuda ya bar ni in kai shi gidana, ya ce ba a ɗauke ɗan gidansu a kai gidan Musulmi ya mutu. Matan gidan suka riƙa ajiye masa tuwo a gefen da hannunsa ba ya kaiwa, ba don mugunta ba, mantawa suke yi.

Ya kai kaka da rai. Sabo bai dawo ba, labarinsa ma ba mu ji ba. Duk zuwan da zan yi ina tarar da Labo a ƙofar gida, ya rame ya zama ƙashi, da busasshen ƙoƙon nan a hannun hagu, ya hana kowa karɓa. In ya ga mutum zai wuce sai ya yi gurnani har ya juyo. Sannan ya kai ƙoƙon baki, babu komai a ciki, ya ɗaga haɓa sama, ya haɗiyi iska da ƙarfi yadda za a ga maƙogwaronsa ya motsa, ya kifa ƙoƙon a kansa, ya zuba wa mutumin ido yana jira.

Su kuwa sai su girgiza kai su wuce, suna cewa, “Allah sarki Labo. Dubi mashayi, ko a haka giya yake nema.”